Wayar Wutar Inna Hansatu

Ni ne na ƙona musajjal ɗin Baffa Sa'idu, wato rikodarsa ta kaset, kuma na yi laifi da na bari aka ɗora wa wata. Abin ya faru wata ranar Talata a bazarar shekarar da na gama aji biyar, can ƙarshen shekarun casa'in. Ina tsaye a tsakiyar ɗakin baƙin gidanmu, wandona na ɗigar ruwan tur'a a kan siminti, ga hayaƙi siriri yana fitowa daga bayan rikodar nan babba da duk ƙauyenmu ke zuwa saurare. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin, ƙwan lantarkin da ke rataye a sama ya fashe, ɓaraguzansa sun watsu a kan tabarma. Da na tsaya a wurin har Baffa ya dawo na faɗa masa gaskiya, da dukan kwana ɗaya zan sha, fushinsa ya yi wata ko biyu ya wuce. Sai na ɗauko tsintsiya na fara gyara ɗakin yadda ba wanda zai gane abin da na yi.

Ƙauyenmu yana yamma da kogi, tsakanin Hasahisa da Kamlin, gidajen ƙasa ne jere a bakin tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. A bakin wannan ruwan muka tashi. Da safe mu kora awaki su yi kiwo a gefensa, mu yanko musu ciyawa da lauje, da rana mu faɗa ciki mu yi iyo ko da an hana mu, da yamma mu buga ƙwallon da muka ɗura tsumma a cikin tsohuwar safa. Lokacin sanyi kuwa kowa yana gona, babba da yaro, ana tsintar auduga har yatsu su tsattsage. Ina aji biyu aka kawo kahraba, wutar lantarki, amma turakun ba su wuce babban layi ba, kuma gidaje kaɗan ne suka iya sa mita. Sauran sai su roƙi maƙwabci ya ba su. A jawo waya daga gida mai mita, a ɗora ta kan sanduna masu gwafa, ta tsallake katanga ta shiga gida na gaba. Ba takarda, ba shaida, zumunci ne kawai ke riƙe da wayar. Gidanmu yana cikin masu mita, kuma waya ɗaya ce ta fita daga cikinsa, ta Inna Hansatu.

Baffa Sa'idu ƙanen mahaifina ne. Ya yi shekaru a Jidda yana tuƙi, sai mahaifina ya rasu ina ƙarami, ya baro komai ya dawo ya karɓi hawasharmu, gonar da gidanmu ke nomawa, ya riƙe ni da mahaifiyata da ƙannena. Bai dawo da mota ba, bai gina gidan jan bulo ba kamar sauran masu dawowa. Abin da ya sauko da shi daga kan lori kwalaye ne, a cikinsu akwai musajjal mai hawa uku baƙi wuluk, mai bakin kaset biyu, da sifika biyu da tsayinsu ya kai ƙirjina. Mutane sun yi ta magana a bayansa, wai mutum ya tafi ƙasa mai tsarki ya dawo da kayan kiɗa. Shi bai damu ba. Ya ɗora sifikun a kan bulo, ya janye su daga jikin bango, ya yi ta matsar da su ɗan nan da ɗan can har sai da kunnensa ya yarda. Mahaifiyata ta ɗinka masa mayafi mai ado da ake lulluɓe na'urar saboda ƙura. Duk Juma'a bayan masallaci yakan naɗa audugar gonarmu a tsinken ashana, ya tsoma a turare, ya goge kan da kaset ke bi a hankali kamar mai cire wa jariri kwantsa. Kaset kuwa ba ya barin na'ura ta mayar da shi baya, da biro ake juya shi, wai kada a gajiyar da injin. Wannan aikina ne.

Da safe karatun Alƙur'ani yake sawa, a hankali. Bayan la'asar, in akwai wuta, sai tsofaffi su fara shigowa da carbinsu, a shimfiɗa tabarmi, a kawo shayi. Baffa yana da waƙoƙin larabci masu molo da garaya irin na nan, amma abin da tsofaffin ke zuwa nema kaset ɗin da ya saya a hannun alhazan Sakkwato da Kano ne, na kalangu da kukuma da kotso. Yawancinsu a nan yankinmu na Jazira aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da ake waƙar ba, amma in mawaƙi ya ambaci wani gari sai ka ji wani ya ce daga nan kakansa ya taso. Ni kuma Baffa yakan zaunar da ni a tsakiyar sifikun biyu, daidai inda ya yi alama da gawayi a ƙasa, ya ce in rufe ido. "Ina mai kalangu shike zaune?" Sai in nuna hagu. "'Yan amshi fa?" In nuna dama, can baya. Sai ya yi dariya ya dubi tsofaffin, ya ce yaron nan yana da kunne. Ba wanda ya taɓa yabona a kan wani abu kafin wannan, domin a makaranta ni ba kowa ba ne.

Matsalar ita ce kahrabar garinmu ba ta da alkawari. Takan tafi ana tsakiyar waƙa, ta yi yini ba ta dawo ba. Tafiyarta ma da sauƙi. Wani lokaci takan zo a raunane, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci. Wani lokaci kuma ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ta ƙona duk abin da ta tarar a jone. Don haka Baffa ya sayo munazzim, wani akwatin ƙarfe mai nauyi da allura a gabansa, wanda ke daidaita wuta kafin ta shiga na'ura, in ta yi rauni sosai kuma ya ƙi sakinta gaba ɗaya. Ya rataya ƙwai a saman musajjal ɗin, ba don haske ba, don a riƙa karanta halin wutar. Ya kafa mini dokoki. In wuta ta tafi, a cire komai daga bango nan take. In ta dawo, a zauna a zuba wa ƙwan ido gwargwadon tafasar shayi, sai ya tsaya fari bai ƙyafta ba sannan a jona. Musajjal kuma ba ya taɓa shiga bango kai tsaye, sai ta munazzim. Ya ce da ni, "Kai na ba amanar wanga ɗaki, ko uwarka ban ba ta ba." Ko ina tsakiyar ƙwallo, in na ji matan unguwa sun ce wuta ta tafi, sai in ruga gida. Ina alfahari da wannan gudun.

Inna Hansatu tana bayan katangarmu. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne a Hasahisa, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rabi, wadda muke aji ɗaya. Ba su da hawasha. Abin da suke da shi tsohuwar tallaja ce, firji mai buɗewa ta sama da ɗan'uwanta ya saya mata, kuma da ita suke ci. Takan jiƙa zoɓo da garin kuka, ta sa sukari, ta ƙulla a 'yan ledoji su daskare, abin da muke kira dandurma. Takan yi ƙanƙara a gwangwanaye ta sayar wa masu shago da gidajen biki. Rabi ce ke ɗaukar kula zuwa ƙofar makaranta, ta sayar a lokacin tara, ta koma aji ta zo ta ɗaya. Tallajar tsohuwa ce, in injinta ya tashi akan ji ƙara ta katanga, ƙwan ɗakinmu ya ɗan dusashe kafin ya dawo. Baffa yakan tsuke fuska in haka ta faru ana cikin waƙa, amma bai taɓa cewa komai ba, domin kullum da azahar kwanon ƙanƙara na tsallako katanga zuwa gidanmu. Ni kuwa ban taɓa sayen dandurma ba. In na leƙa gidanta sai ta ce, "Manu, taho ka amshi naka," ta zaɓo mini na kuka, don ta san shi na fi so.

Ranar Talatar nan Baffa ya haye kogi zuwa kasuwar Rufa'a. Hutu ake, zafi ya yi tsanani, na tara abokaina uku na shigo da su ɗakin da ba a shiga sai da izini. Na cire mayafin, na nuna musu maɓallai ɗaya bayan ɗaya kamar ni na ƙera su. Wuta tana nan amma a raunane, ƙwai ja, allurar munazzim ta kwanta ƙasa, yana ta gurnani ya ƙi sakin komai. Na ce mu jira. Tijjani, wanda ya fi mu girma da baki, ya kwanta a tabarma ya ce ashe ni gadi kawai nake yi, ko kunnawa ban iya ba, ya ce dama ya san ƙarya nake a makaranta. Sauran suka yi dariya. Na cire filogin daga munazzim na cusa shi a bango. Fitilun na'urar suka kama a dusashe, kaset ya fara juyawa da ƙyar, muryar mawaƙin ta fito a ja, kamar ta bijimi mai ciwo. Muka fashe da dariya, Tijjani ya tashi yana rawa a hankali daidai da ita. Ba a daɗe ba wutar ta ɗauke. Wani ya ce mu je tur'a, muka fita a guje muna tsere, ban ko waiwayi bangon ba. Ina cikin ruwa na ji wata mata daga nesa tana cewa kahraba ta dawo. Na fito na yi gudun da ban taɓa yi ba, na tarar da hayaƙi.

Na mayar da filogin cikin munazzim. Na share gilashi, na buɗe taga, na yi fifita da faifai har warin ya ragu. Bayan la'asar Baffa ya shigo da kaya a hannu, tun daga ƙofa ya tsaya yana shaƙar iska. Ya durƙusa ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa. Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Mi ya faru, Manu?" Na ce ina zaune ina duban ƙwai kamar yadda ya koya mini, ya tsaya fari, na jona, sai na ji tallajar Inna Hansatu ta tashi da ƙara, ƙwan ya yi ja, ya yi fari, ya fashe. Ban shirya wannan maganar ba, ita ta fito da kanta, kuma ta zauna daidai, domin kowa a gidan ya san ƙarar tallajar da dusashewar ƙwan. Baffa ya zauna a ƙasa gaban na'urar har aka kira magariba.

Allah ya ba ni dama ta biyu na watsar. Washegari muka ɗora na'urar a amalanken jaki zuwa bakin titi, muka shiga mota zuwa Hasahisa wurin mai gyara. Mutumin ya kwance bayanta, ya leƙa, ya tambaya ko da gaske ta munazzim aka jona ta. Baffa ya ɗora hannu a kaina ya ce ɗansa ne ke wurin, kuma ɗansa ba ya ƙarya. Mai gyaran ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to wataƙila wani abu mai jan wuta ne a layin ya rikita ta, Allah ne masani. A hanyar dawowa Baffa ya saya mini rake.

Da yammacin ranar ya ɗauko filaya ya hau katanga. Mahaifiyata ta fito tana ba shi haƙuri, ya ce ta koma ciki. Inna Hansatu ta fito tsakar gidanta hannunta jajur da zoɓo, ta ɗaga kai ta gan shi, ta gane. Ta ce, "Sa'idu, bari dai in saida na yau da na gobe, tallajar cike take." Ya ce, "Tallajarki ta canye mini gumin Jidda duka." Ya datse wayar, ya naɗe ta a hannunsa, ya sauko. Ina tsaye a gindin katangar ina riƙe masa tsani.

Kafin azahar ɗin washegari komai ya narke. Jan ruwa ya riƙa malalowa ta ƙarƙashin ƙofarta, ƙudaje suka taru. Ta fito da kwando ta zauna a inuwa ta kira yaran unguwa tana raba musu ledojin kyauta, tun da ba mai sayen dandurma mai ɗumi. Na so in sulale ta bayan gidanmu, ta hango ni ta kira sunana. Ta tona cikin kwandon ta zaɓo na kuka ta miƙo mini. Na karɓa, na huda da haƙori, na shanye a gabanta. Rabi tana zaune a dokin ƙofa, kuma na ɗauka a raina cewa sun sani, suna dai ƙyale ni ne.

Labari ya zaga ƙauye cewa tallajar Hansatu tana cin kayan mutane. Ta bi gidajen masu mita ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, kowa ya ba ta haƙuri, wannan yana tsoron talabijin ɗinsa, wancan yana tsoron fankarsa. Kafin damina ta sayar da tallajar ga wani mai shago a Kamlin. Ta koma aikin ƙodago a gonakin mutane, noma da cirar ciyawa da dashen albasa, mace mai ciwon baya. Da lokacin auduga ya zo Rabi ta fara fashin makaranta tana taya ta, kwana ɗaya, mako ɗaya, har bencinta ya zama na wata. Na taɓa ganinsu a hawasharmu ma, cikin 'yan tsinta, Baffa yana auna buhunansu bai ɗaga kai ba. Shekarar da ta biyo suka tattara suka koma wani kambo, wato zangon 'yan ƙodago, wajen Kamlin inda take da dangi. Tijjani da sauran sun san komai, amma su ma suna tsoron duka, kuma yara suna da saurin mantuwa. Ni ne ban manta ba, ban kuma yi magana ba.

An gyara musajjal ɗin bayan watanni, sai dai ɓangare ɗaya ne ya tashi. Sifikar dama ta mutu ke nan, mai kalangu da 'yan amshi duk suka cunkushe a wuri guda. Baffa ya kunna sau biyu ko uku ya lulluɓe. Tsofaffi suka daina zuwa, ya daina gogewar Juma'a, ya zama mutum mai gajeren zance. Amma bai daina yarda da ni ba. Ni ya riƙa aika da kuɗin taki, ni ya ba makullin rumbu, ni ya nema wa aure. Duk lokacin da na ɗaura niyyar faɗa masa sai in ga kamar zan ƙona masa abu na biyu, sai in ce gobe. Ina kiran wannan tausayi a lokacin. Tsoro ne kawai.

Yanzu turaku sun shiga kowane lungu, ba mai roƙon maƙwabci waya, wasu ma sun ɗora faranti mai aiki da rana a kan rufi. Wutar dai halinta bai canja ba. Kiɗa yana aljihun kowane yaro, yana toshe kunne ya ji abinsa shi kaɗai, ba wanda ke shimfiɗa tabarma don a saurari waƙa tare. Ni ma da na samu hali na sayi sifika biyu da munazzim, na ɗora su a kan bulo. In wuta ta tafi har yau nakan tashi a firgice in cire filogi, 'ya'yana su yi mini dariya. Ina kewar la'asar ɗin nan ta gidanmu, kuma na san wanda ya kashe ta.

Baffa ya rasu shekarun baya, a daminar da rufin ɗakin baƙin ya fara yoyo. A kwana na biyu na zaman makoki aka ce wata tsohuwa tana nemana a ɓangaren mata. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta rame, ta rankwafa, jikarta na riƙe da sandarta. Tun daga kambo ta taho a bayan motar albasa. Na durƙusa, ta yi mini gaisuwa, ta yi wa Baffa addu'a mai tsawo. Na tambayi Rabi, ta ce tana nan, tana sayar da shayi a tasha, 'ya'yanta biyar. Sannan ta kama hannuna ta rage murya. Ta ce abin da ya kawo ta ban da gaisuwa shi ne Sa'idu ya yi mata alheri, ya ba ta wuta lokacin da ba wanda ya ba ta, ita kuma tallajarta ta ƙona masa abin da ya fi so a duniya. Ta ce shekara da shekaru tana son ta zo ta roƙe shi gafara, kunya ta hana ta, ga shi ya tafi. "Kai ne magajinsa, Manu. Ka yafe mini a madadinsa, kada in tarar da shi can da wanga nauyi."

Matan da ke kusa suna jiran in ce na yafe, domin abin da ake cewa ke nan. Mahaifiyata ma tana nan zaune. Ban rage muryata ba, don ina so duk wanda ya ji ƙaryar ya ji wannan. Na ce, "Inna, tallajarki ba ta ƙona komai ba. Ni na cire shi daga munazzim na sa a bango, na tafi wanka na bar shi, na dawo na ce ke ce. Wayarki, da abincinki, da karatun Rabi, duk ni ne. Ba ni da abin da zan mayar miki. Ki yafe mini, in kina iyawa."